BABI NA UKU: BIDIYON KOYAR DA SANYA TASWIRA MAI MOTSI A MANHAJAR WIKI, DA MISALI DAGA BIRNIN ZARIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda ake rubuta ilimi da harshen Hausa a shafukan wiki, da kuma irin mutanen da suka ɗauki nauyin wannan aiki. A wannan babi kuwa, za a dubi fanni ɗaya daga cikin aikin, wato yadda ake amfani da bidiyo wajen koya wa marubutan wiki sanya taswira mai motsi a cikin maƙalolinsu. An zaɓi tsohon birnin Zariya, wanda ganuwa ta kewaye, domin ya zama fagen misali.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, bidiyon da ya tsaya ga nuna maɓallin da za a danna kawai bai kammala aikinsa ba. Dalili kuwa shi ne, taswirar wiki tana nuna abin da mutane suka riga suka shigar ne a wasu rumbunan bayanai. Idan ba a shigar da wata ƙofa ba, ba za ta fito ba. Idan kuma an shigar da ita a gurbin da ba nata ba, a nan za ta fito wa duk wanda ya buɗe shafin a ko'ina cikin duniya. Saboda haka wajibi ne bidiyon koyarwa ya haɗa abubuwa biyu: sarrafa manhaja, da kuma tantance wuri da sunansa. An kasa babin gida-gida, an fara da ma'anar kalmomi, sannan fagen misalin, sai tushen bayanan taswira, da matakan aikin, da tsarin bidiyon, da matsalolin da ke tattare da shi.

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

3.1.1 Wiki

Wiki shafi ne na intanet wanda masu karatu suke da damar gyara shi ko ƙara masa bayani. Wani Ba'amurke mai suna Ward Cunningham ne ya buɗe na farko a shekarar 1995, kuma ya aro sunan daga harshen mutanen tsibirin Hawayi, inda kalmar take nufin sauri. Wikipedia, wadda aka buɗe a shekarar 2001, ita ce mafi shahara a cikinsu, kuma tana da sashe na Hausa. Manhajar da take ɗauke da ita sunanta MediaWiki. Wannan manhaja kyauta ce, kuma an tsara ta yadda za a iya ɗora mata ƙarin sassa masu yin wasu ayyuka na musamman, kamar nuna bidiyo ko taswira.

3.1.2 Taswira Mai Motsi

A wannan bincike, taswira mai motsi tana nufin taswirar da mai karatu zai iya janyo ta kusa ko ya tura ta nesa, ya karkata ta gabas ko yamma, ya kuma taɓa wata alama a kanta ya ga suna da hoto da taƙaitaccen bayani. Ta bambanta da taswirar da aka zana a littafi, domin ita waccan ma'auni ɗaya gare ta, abin da mai zane ya ga dama ya sa shi kaɗai za a gani.

3.1.3 Bidiyon Koyarwa

Wannan shi ne gajeren bidiyo da ake ɗaukar fuskar kwamfuta ko ta wayar hannu a lokacin da mai koyarwa yake aiki, tare da muryarsa tana bayanin kowane mataki. Bahaushe na cewa gani ya kori ji. Amfanin irin wannan bidiyo shi ne, mai koyo yana iya tsayar da shi, ya gwada abin da ya gani, ya sake komawa baya sau nawa ya so ba tare da ya ji nauyin malami ba.

3.2 Birnin Zariya a Matsayin Fagen Misali

Zazzau tana ɗaya daga cikin ƙasashen Hausa Bakwai, kuma Zariya ce hedikwatar masarautarta. Tarihin baka yana danganta ginin ganuwoyi da dama na wannan yanki ga Sarauniya Amina, har ma akan ce musu ganuwar Amina. Ana ƙiyasta kewayen ganuwar birnin da kimanin kilomita 14 zuwa 16, kuma an san ta da ƙofofi takwas: Ƙofar Doka, da Ƙofar Kibo, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Bai, da Ƙofar Jatau, da Ƙofar Galadima. A cikin birnin akwai Fadar Sarkin Zazzau, da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 an yi wa masallacin sabon gini da ya lulluɓe wani sashe na tsohon. Haka kuma akwai tsofaffin unguwanni irin su Kwarbai, da Limancin Kona, da Unguwar Juma, da Ƙaura, da Magajiya.

Akwai dalilai uku da suka sa aka ga birnin ya dace da wannan nazari.

Na farko, dukkan siffofi ukun da ake zanawa a taswira suna nan a wuri ɗaya. Ƙofa ɗigo ce, ganuwa layi ce, unguwa ko harabar fada kuwa fili ne mai iyaka. Wanda ya iya waɗannan uku ya iya ginshiƙin aikin baki ɗaya.

Na biyu, sunan Zariya a yau ya wuce birnin. Bayan da Turawan Ingila suka shigo a 1902, aka kuma kawo hanyar jirgin ƙasa, sai Sabon Gari da Tudun Wada suka bunƙasa a wajen ganuwa. Daga baya Samaru ta cika da jama'a, musamman bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Samaru ma a ƙaramar hukumar Sabon Gari take, amma baƙo duk Zariya yake kiran su. Maƙalar da ta ce wani abu yana Zariya, ba ta faɗi ko cikin birni ne ko waje ba, ta bar mai karatu a duhu. Taswira ce take warware wannan cikin sauƙi.

Na uku, ganuwar tana ɓacewa. Da ƙasa aka gina ta, ruwan sama yana cin ta, wasu wuraren an ɗebi ƙasarta, wasu kuma an yi gine-gine a kan gurbinta. Akwai sassan da in ba dattawan unguwa ba, da wuya a sami mai nuna inda ta bi. Ke nan aikin sanya ta a taswira yana da wa'adi, domin waɗanda suka san gurbin ba za su dawwama ba.

3.3 Inda Taswirar Wiki Take Samo Bayananta

Kafin a shiga matakan aiki, ya kamata a san cewa taswirar da ake gani a maƙalar Wikipedia haɗin gwiwar abubuwa huɗu ce.

Na farko shi ne Kartographer. Wannan shi ne sashen da Gidauniyar Wikimedia ta ƙera aka ɗora wa MediaWiki domin nuna taswira. An fara amfani da shi a Wikivoyage a shekarar 2016, sannan a 2018 aka buɗe shi ga mafi yawan sassan Wikipedia. Yana da umarni biyu: mapframe, wanda yake sanya taswirar a cikin shafi, da maplink, wanda yake sanya mahaɗi kawai, sai an taɓa shi taswirar ta buɗe.

Na biyu shi ne OpenStreetMap, wanda Steve Coast ya kafa a Ingila a shekarar 2004. Shi ma tamkar wiki ne, sai dai na taswira, domin masu sa kai ne suke zana hanyoyi da gine-gine da koguna a cikinsa. Titunan da sunayen da ake gani a ƙarƙashin kowace taswirar Wikipedia daga nan suke fitowa.

Na uku shi ne Wikidata, rumbun bayanai da aka buɗe a 2012. A cikinsa kowane abu yana da lambarsa ta musamman mai farawa da harafin Q, kuma ana iya rubuta masa suna da harsuna daban-daban tare da lambobin gurbinsa a doron ƙasa.

Na huɗu shi ne Wikimedia Commons, wanda aka buɗe a 2004, inda ake ajiye hotuna da sauti da bidiyo, har da zanen taswira da marubuta suka yi da kansu.

Idan aka lura da wannan tsari za a ga cewa gyaran da aka yi a maƙala ba ya taɓa abin da ke OpenStreetMap. Misali, idan marubuci ya ga an rubuta sunan wani titi na Kwarbai ba daidai ba a taswirar da ya sanya, babu abin da zai rubuta a maƙalar da zai gyara shi. Dole ya je can tushen ya gyara, sannan ya jira gyaran ya iso, wanda kan ɗauki wasu kwanaki. Bidiyon da bai bayyana wannan ba zai bar mai koyo yana ta wahala a inda babu matsalar.

3.4 Matakan da Bidiyon Zai Koyar

3.4.1 Samo Lambobin Gurbi

Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu. Ta farko, wadda ake kira latitud, tana nuna nisansa arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu. Ta biyu, wato longitud, tana nuna nisansa gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinwic a Ingila. Domin sauƙin bayani, a nan za a kira su lambar arewa da lambar gabas, tunda Zariya tana arewa da layin farko kuma tana gabas da na biyu. Garin yana wajen digiri 11 da minti 4 arewa, da digiri 7 da minti 42 gabas.

Manhajar ba ta karɓar minti, sai an mayar da shi lissafin ɗigo ta hanyar raba shi da 60. Minti 4 ya zama 0.067, minti 42 kuma ya zama 0.70. Ke nan lambobin su ne 11.067 da 7.70. Wanda ya rubuta 11.04 da 7.42 kai tsaye, ya kauce da kimanin kilomita 3 zuwa kudu da kimanin kilomita 30 zuwa yamma.

Bugu da ƙari, yawan lambobin da ke bayan ɗigo yana da muhimmanci. Digiri ɗaya na lambar arewa kimanin kilomita 111 ne. Saboda haka lambobi biyu bayan ɗigo suna iya kaucewa da ɗaruruwan mitoci, wanda ya isa ya fitar da ƙofa daga unguwarta. Lambobi huɗu suna kawo mutum cikin kimanin mita 11, biyar kuwa cikin kimanin mita ɗaya. Ga ƙofa ko masallaci, huɗu zuwa biyar ake bukata. Hanya mafi inganci ita ce mutum ya je ya tsaya a bakin ƙofar da wayarsa, ya jira na'urar gano wuri ta daidaita, ya rubuta lambobin, sannan ya gwada su da hoton tauraron ɗan'adam. A cikin lunguna masu matsatsi, lissafin waya yakan ɗan kauce, don haka gwajin na biyu ya zama dole.

3.4.2 Sanya Taswirar Farko

Ana fara gwaji ne a shafin gwaji na marubuci, ba a cikin maƙalar da jama'a ke karantawa ba. Umarnin da zai nuna birnin Zariya zai kasance kamar haka:

<mapframe latitude="11.067" longitude="7.70" zoom="13" width="350" height="350" lang="ha" text="Birnin Zariya" />

Lambobi biyun farko su ne tsakiyar taswirar. Na uku shi ne matakin kusantowa. Mataki na 0 yana nuna duniya gaba ɗaya, kuma kowane ƙarin mataki ɗaya yana ninka girman abin da ake gani sau biyu. A taswira mai faɗin ɗigon allo 350, mataki na 13 yana ɗaukar fiye da kilomita 6, wanda ya isa ya nuna birnin da kewayensa. Mataki na 14 yana ɗaukar rabin haka, don haka zai yanke gefen ganuwar. Mataki na 17 kuwa yana nuna kimanin mita 400, wanda ya dace da maƙalar ƙofa ɗaya, kamar Ƙofar Doka da hanyar da ta fita ta nufi Tudun Wada. Sauran umarnin suna ƙayyade faɗi da tsawo, da harshen da sunaye za su fito da shi, da rubutun da zai zauna a ƙarƙashin taswirar.

3.4.3 Sanya Alamomin Ƙofofi

Ana sanya alamomi ne da wani tsarin rubutu mai suna GeoJSON, wanda ake shigarwa a cikin umarnin na sama. Kowace alama tana iya ɗaukar suna, da bayani, da hoto daga Commons, da launi, har da lambar jeri, ta yadda ƙofofin takwas za su fito daga 1 zuwa 8.

A nan ne babban tarkon aikin yake. A umarnin mapframe kowace lamba tana da sunanta, amma a GeoJSON jera su ake yi, kuma lambar gabas ce take zuwa farko, sannan ta arewa, wato 7.70 sannan 11.067. Wannan ya saɓa wa yadda aka saba furta su. Wanda ya juya su, alamarsa za ta faɗa digiri 7.70 arewa da 11.067 gabas, wato jihar Taraba a wajejen Bali, fiye da kilomita 500 daga Zariya. Manhajar ba za ta yi gargaɗi ba, domin lambobin na wani wuri ne na gaskiya. Ya kamata bidiyon ya nuna wannan kuskure da gangan a kan allo, mai koyo ya ga alamar ta ɓace daga birnin, sannan a gyara a gabansa. Abin da mutum ya gani ya lalace aka gyara ya fi zama a ransa.

3.4.4 Zana Layin Ganuwa

Akwai hanyoyi biyu na fito da layin ganuwa. Ta farko ita ce a zana shi a OpenStreetMap, a ba shi shaidar da ke nuna ganuwar gari ce, a kuma liƙa masa lambar Q ta Wikidata. Daga nan marubuci zai kira layin da wannan lamba kawai, ba sai ya sake zana shi ba, kuma duk gyaran da aka yi a tushen zai isa dukkan maƙalolin da suka kira shi. Ta biyu ita ce a yi zanen a ajiye shi a Commons a matsayin shafin taswira, a riƙa kiran sa daga can.

Zaɓi tsakanin hanyoyin biyu ya dogara ne da halin da ganuwar take ciki. Ƙa'idar OpenStreetMap ita ce a zana abin da yake nan a ƙasa, wanda wani zai iya zuwa ya gani. Saboda haka sassan ganuwar da suke tsaye, ko waɗanda tudunsu yake bayyane, su ne suka cancanci shiga can. Sassan da suka ɓace kuwa, waɗanda sai ta bakin dattawa ko tsofaffin taswirori ake sanin gurbinsu, wurinsu Commons ne, ko kuma OpenHistoricalMap, wanda aka tanada domin abubuwan da suka shuɗe. A taswirar maƙala sai a haɗa biyun, a ba kowanne launinsa, a kuma bayyana ma'anar launukan a rubutun ƙasa. Ta haka mai karatu zai ga abin da ya rage da abin da aka rasa a kallo ɗaya.

3.4.5 Rubuta Sunaye

Sunayen wuraren Zariya suna zuwa da siffa fiye da ɗaya. A Daidaitacciyar Hausa ana cewa Ƙofar Doka da Unguwar Juma, amma a Zazzaganci, inda ɗafin -n yake maye gurbin -r, abin da ake ji shi ne Ƙofan Doka da Anguwan Juma, kuma haka ake yawan ganin su a allunan kan titi da takardun hukuma. Ban da wannan, masu rubutu da allon Ingilishi sukan yar da ƙugiyar harafin, su rubuta Kofar ko Kofan. Ke nan ƙofa ɗaya tana iya samun rubutu huɗu.

Rumbunan bayanan sun tanadi maganin wannan. A OpenStreetMap akwai gurbin babban suna, da gurbin suna na Hausa mai shaidar name:ha, da gurbin wani sunan da ake kiran wurin da shi. A Wikidata ma akwai gurbin laƙabi. Tun daga 2018 Kartographer yana iya nuna sunaye da harshen da aka zaɓa, amma idan ba a cike gurbin Hausa ba, wani sunan da ya samu zai nuna. Ra'ayin wannan bincike shi ne a sa daidaitaccen rubutu mai ƙugiya a gurbin Hausa, a kuma adana siffar Zazzaganci a gurbin laƙabi, domin ita ce a bakin masu garin, kuma da ita da yawa za su nemi wurin.

3.5 Tsarin Bidiyon Koyarwa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya fitar da siffofin da suka kamaci bidiyon da za a yi domin marubutan Hausa.

(a) Rarrabawa. Maimakon dogon bidiyo ɗaya, ya fi kyau a yi gajeru biyar, kowanne a kan mataki ɗaya daga cikin matakan da ke sashe na 3.4, kuma kada kowanne ya wuce minti biyar. Mai koyo da kuɗinsa yake sayen data, kuma wanda ya manta abu ɗaya zai koma ga bidiyon da ya shafe shi kaɗai.

(b) Na'ura. Da yawa daga cikin masu rubutu da Hausa da wayar hannu suke aiki, kuma fuskar Wikipedia a waya ta bambanta da ta kwamfuta. Bidiyon da aka ɗauka a kwamfuta zai nuna maɓallan da mai waya ba zai same su a wurin ba. Wayoyin Android tun daga siga ta 11, wadda ta fito a 2020, suna da abin ɗaukar fuskar allo a cikinsu. Mai kwamfuta kuwa yana iya amfani da OBS Studio, wadda kyauta ce.

(c) Girman rubutu. Mai kallo yakan rage ingancin hoto domin tsimin data, kuma ƙananan haruffa su ne farkon abin da ke dushewa. Tunda waƙafi ɗaya ko alamar zance ɗaya da aka tsallake ta isa ta hana taswira fitowa, dole a ƙara girman rubutun, mai koyarwa kuma ya karanta kowace alama da baki.

(d) Harshe. Bayanin ya kasance da Hausa tsantsa, amma kalmomin umarni a bar su yadda suke, domin manhajar ba ta san fassararsu ba. Kalmar da aka zaɓa wa wani abu a bidiyo na farko, ita za a riƙe har na ƙarshe.

(e) Misali. Misalan da ke cikin bayanan Kartographer na Ingilishi sun haɗa da birane irin su San Faransisko ta Amurka. Ɗalibin Zariya ba zai gane an yi kuskure a taswirar can ba. Amma idan ya ga Ƙofar Gayan, wadda take kudancin birni inda Asibitin Hajiya Gambo Sawaba yake, ta fito a arewa, nan take zai ce ba daidai ba ne. Sanin garin shi ne ma'aunin da zai riƙa auna aikinsa da shi.

(f) Fita fili. Aƙalla bidiyo ɗaya ya kamata a ɗauke shi a waje, a bakin ƙofa, a nuna yadda ake karanta lambobi a waya da yadda ake tambayar mutanen unguwa. Da ɗan gari akan ci gari.

(g) Ma'ajiya da lasisi. Ana iya sa bidiyon a YouTube domin sauƙin samu, amma ajiye shi a Commons yana ba da damar sanya shi a shafukan taimako na wiki kai tsaye. Commons yana karɓar tsarin WebM da Ogg, ba ya karɓar MP4 wanda wayoyi suka fi fitarwa, don haka sai an juya shi. Dole kuma a sake shi da lasisin da ya yarda wa kowa ya kwafa ya gyara. Amfanin haka shi ne, wani a Maraɗi ko Katsina zai iya ɗaukar bidiyon ya sauya misalin da na garinsu. Ana kuma iya ƙara masa rubutun ƙasan allo domin masu matsalar ji.

3.6 Matsalolin da Ke Tattare da Aikin

Matsala ta farko ita ce tsufa. Manhaja tana sauya fuska lokaci zuwa lokaci, kuma bidiyo ba ya gyaruwa da sauƙi kamar rubutu. Maganin wannan shi ne a faɗi shekarar da aka ɗauki bidiyon a farkonsa, a kuma fi ba da ƙarfi ga rubutaccen umarni, wanda bai cika sauyawa ba, a kan wuraren da maɓallai suke.

Ta biyu ita ce haƙƙin mallaka. An hana kwafar bayanai daga Google Maps zuwa OpenStreetMap, domin lasisinsu bai dace da juna ba. Sabon marubuci yakan ɗauka duk abin da ke intanet na kowa ne, saboda haka wajibi ne bidiyon ya faɗi wannan a fili.

Ta uku ita ce sirrin jama'a. Birnin Zariya wurin zaman mutane ne, ba kufai ba. Fada da masallatai da kasuwanni da makarantu da ƙofofi wurare ne na kowa, amma gidan mutum ba a sa masa alama da sunansa ba tare da yardarsa ba. Haka kuma ɗaukar bidiyo a cikin unguwa yana bukatar sallama da neman izinin mai unguwa. Shi ma mai koyarwa ya kula kada kalmar sirrinsa ko saƙonnin mutane su fito a fuskar wayar da yake ɗauka.

Ta huɗu ita ce saɓanin ruwaya. Ana iya samun dattawa biyu su bambanta a kan inda ganuwa ta bi ko inda iyakar wata unguwa ta tsaya. Layin taswira kuwa yana da kamar tabbas ko da an zana shi a kan zato. Abin da ya dace shi ne a zana abin da aka tabbatar, a bayyana madogararsa, inda kuma aka yi saɓani a faɗe shi a cikin maƙalar.

Ta biyar ta shafi waɗanda suke da wiki nasu na kansu, kamar wata makaranta ko ƙungiya. Gidauniyar Wikimedia ta taƙaita amfani da injin da ke samar da hotunan taswirarta ga shafukanta da na abokan aikinta. Don haka irin waɗannan sai su nemi wani injin, ko su ɗora wani sashen mai suna Maps, wanda umarninsa ya bambanta. Ya kamata kowane bidiyo ya faɗi tun farko wane sashe yake koyarwa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar wiki da taswira mai motsi da bidiyon koyarwa, an kuma kawo dalilan zaɓen birnin Zariya a matsayin misali. An nuna cewa taswirar maƙala tana dogara ne da Kartographer da OpenStreetMap da Wikidata da Commons, sannan aka bi matakai biyar na aikin tare da kurakuran da ake yawan faɗawa, musamman juya lambobin gurbi da rikita minti da lissafin ɗigo. An kuma kawo siffofi bakwai na bidiyo mai amfani da matsaloli biyar. Abin da aka gano shi ne, rubuta umarnin taswira aikin mintoci kaɗan ne, amma tantance gurbin ƙofa da sunanta da layin ganuwar da ta ɓace yana bukatar tattaki da tambayar masu gari, kuma bidiyon da zai amfani marubucin Hausa shi ne wanda ya koyar da duka biyun. A babi na gaba za a dubi kalmomin fannu da ake bukata wajen fassara fuskar waɗannan manhajoji zuwa Hausa.